Ranar da Madubi Ya Yi Ɗansa

Teburinsa na gyaran agogo yana bakin ƙofar kasuwa, tsakanin mai yanka makulli da mai sayar da batir, kuma waɗanda suka san shi kan daidaita tafiyarsu kafin su gifta ta gabansa. Ba don mugu ne ba. Siririn mutum ne mai furfura a gefen kunne, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya in zai leƙa cikin agogo. Ɗaya idon ne fitina. In ka wuce sau biyu ya ɗauke tafiyarka, in kun gaisa ya ɗauke tarinka da yadda kake sosa ƙeya, wata rana kuma kana zaune cikin mutane sai ka hango kanka ka taho daga nesa kana jan ƙafa. Shi ya sa ake ce masa Madubi, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane.

Agogo ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana wajen ƙungiyar ƙwallon garin, masu rawayar riga, ƙungiyar da tun kafuwarta ba ta taɓa ɗaga kofin da ya fi na shan ruwa girma ba. Tun yana ɗan shekara tara yake haura katangar filin, mai gadi na bin sa da sanda. Ya ga an zura musu shida a gida, ya ga kocin da ya tsere ta taga, ya ga shekarar da suka buga da rigunan aro. Bai taɓa sauya sheƙa ba, kuma har yau da gwiwa ke damun sa ba a fara wasa babu shi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ranar da aka ci masu rawaya ko tabarya ba ta yarda ta faɗi da ƙarfi a gidan.

Abokin wasansa Ganga ne, mai fenti, ƙato mai tumbi da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Shi ke shafa farin layin filin. Shekara talatin da ɗaya ke nan da wata rana wani ɗan baya ya juya ya narka ƙwallo a ragarsu da ƙafarsa, ana saura minti biyu a tafi hutun rabin lokaci. Ana busa usur duwatsu suka fara sauka. Ganga na tsakiyar fili da bokitinsa zai gyara layin da ya goge, Madubi na riƙe masa igiya. Tsoro ne ko shaƙiyanci, shi kansa bai sani ba. Ya dai saki igiyar, ya turo ƙirji irin na ɗan bayan nan, ya dubi hagu ya dubi dama da fuskar mai hikima, ya juya ya yi wa bokitin wawan shuri. Ganga ya ɗora hannu a ka ya zube. Filin ya yi tsit, sannan dariya ta fashe. Masu riƙe da duwatsu suka sake su suka riƙe ciki. Ɗan bayan ya koma gida da ƙafafunsa, har ya ƙara shekara huɗu yana bugawa.

Daga ranar abin ya zama doka ba tare da kowa ya rubuta ta ba. In an tafi hutu su biyun su shiga fili su maimaita kuskuren da ya fi ƙona wa mutane rai. Madubi ne mai laifin, Ganga kuwa shi ne duk sauran duniya: shi ne ƙwallo, shi ne alƙalin wasa, in ta kama ya yafa tsumma ya zama uwar ɗan wasan. Ba sa gwaji, don ba wanda ya san wautar da za a tafka sai an tafka ta. Ba sa taɓa baƙi, nasu kawai suke yi. 'Yan kallo na kiran abin wanki. Ɗan wasan da Madubi ya wanke an gama da shi, za a yi masa dariya wata guda a kan titi amma ba mai ɗaga masa hannu. Wanda kuwa ya yi kuskure aka ƙi yin sa, kowa ya san ma'anar, laifinsa ya wuce na dariya ke nan. Sau ɗaya hakan ta taɓa faruwa, da wani ɗan gaba da aka tabbata ya sayar da wasa. Su biyun suka ƙi tashi daga benci, aka karya wa mutumin haƙarƙari uku a bakin ƙofar fita. Madubi ba ya son a tuna masa wannan rana.

Sai Allah ya ba shi ɗa gola. Autansa ne, wanda uwar ta rasu ta bari yana da shekara goma sha huɗu. Dogo ne mai shiru-shiru, irin mutanen da in an yi musu dariya sau ɗaya sai su riƙe ta shekara goma. Tashi a gidan mai barkwanci ba daɗi ba ne yadda maƙwabta ke zato. A makaranta kullum ana ce masa ya yi abin dariya irin na babansa, shi kuwa ko labari bai iya bayarwa ba. Ranar da ya sa hannu a takardar ƙungiyar, ya zo teburin agogo ya tsaya har masu jira suka watse.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo."

"Ina jin ka."

"Ka yi kowa. Ka yi koci, ka yi alƙali. Ni dai kada ka yi ni."

"To ai sai ka daina kuskure," in ji Madubi yana 'yar dariya.

Auta bai taya shi ba. "Wallahi Baba, in ka yi ni a filin nan na bar garin."

Madubi ya ajiye ƙaramin sukundireban da ke hannunsa ya dube shi da kyau, ya ga ba wasa a ciki. Ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari. Kakar wasa uku alkawarin nan ya tsaya, don Auta gola ne na gaske, masu rawaya kuwa ba su taɓa rasa wani mai laifin ba. In ƙwallo ta wuce shi, Ganga kan lalubo ɗan bayan da ya buɗe hanya su huce a kansa.

Aka zo wasan ƙarshe na kaka ta uku. Canjaras kawai suke buƙata su tsaya a rukuninsu. In aka ci su sun gangara ƙasa, inda ake buga wasa a filayen da sai an kori awaki tukun. Sati guda ana raɗe-raɗin cewa baƙin sun turo wani mutum da jakar kuɗi. Ba wanda ya ga mutumin, ba wanda ya ga jakar, amma kowa ya san wani da ya gani. Tun rana na tsaka filin ya cika, har kan katanga mutane ne. Madubi da Ganga na kan bencinsu na kullum kusa da tutar kusurwa, dab da lungun da 'yan wasa ke bi su shiga ɗakin canja kaya. Shingen ƙarfe ne kawai ya raba lungun da 'yan kallon bayan raga, kuma a can masu zafin kai ke tsayawa.

A minti na talatin da takwas ɗan baya ya mayar wa Auta ƙwallo a hankali, irin wadda tsohuwa za ta tare da tsintsiya. Auta ya ɗaga kai yana neman wanda zai ba, ya kai ƙafa, ƙwallon ta bi ta ƙarƙashin takalminsa. Ya juya ya bi ta, ya zame, ya faɗi. Ta mirgina cikin raga ba ko sauri.

Baƙin ma sai da suka ɗan yi jim kafin su fara murna. Daga bayan raga wata murya ɗaya ta tashi, a fili, kamar an daɗe ana ajiyar ta.

"Ya sayar!"

Kafin a mayar da ƙwallo tsakiya duk ɓangaren ya ɗauka. Madubi ya dubi agogon hannunsa, saura minti bakwai a tafi hutu.

"Mu yi ɗan bayan," ya ce wa Ganga ba tare da ya juyo ba. "Ya buga ta da ƙarfi."

"Da ƙarfi? Mutumina, ni da tumbin nan na fi ƙwallon nan gudu."

"To mu yi filin. Akwai rami a wurin."

"Ni na shafa layin wurin da safe. Babu rami."

Robar ruwa ta farko ta sauka a bayan Auta. Bai waiga ba. Yana tsaye a kan layinsa, hannuwa a gefe, wuyansa a sandare.

"To kada mu fita," in ji Madubi.

Ganga ya juyo da duk jikinsa ya dube shi. "Ka san abin da za su ce in ba mu fita ba. Za su ce uban ma ya sani."

"Na yi masa alkawari."

"Na sani, ai ina garin. Amma haƙarƙari ba ya jin alkawari."

Sakataren ƙungiya ya iso da gudu, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya durƙusa a gefen bencin kamar mai ɗaure takalmi don kada a ga da wa yake magana.

"Baba Madubi, don Allah. Masu tsaro goma sha biyu gare mu, na ƙirga su sau biyu. Shingen can tun bara nake cewa a gyara. In aka yi hutun nan ba a yi dariya ba, ban san abin da zan gaya wa kowa ba."

Madubi ya ji haushin Sakatare, ya ji haushin ɗan bayan, ya ji haushin ƙungiyar da ya ba shekara hamsin. Mafi yawa dai tsoro yake ji.

Aka busa usur. 'Yan wasa suka kwaso a guje zuwa lungun, kai a duƙe, hannu a kan ƙeya. Auta ne na ƙarshe, don shi ya fi nisa, kuma ya ƙi gudu. Wata roba cike da ƙasa ta same shi a kafaɗa. Hannuwa suka zuro ta ramukan shingen suna neman rigarsa. Da ya zo daidai bencin ya dubi babansa, ya girgiza kai kaɗan, sau ɗaya. Sannan masu tsaro suka tura shi ciki suka ja ƙofa.

Ganga ya riga ya ɗauki bokiti. Ya miƙa wa Madubi safar hannunsa ta roba, ta aikin fenti, duk farin ƙasa. Sakatare ya cusa masa makirufo a aljihun gaba. Suka taka zuwa ragar.

Madubi ya fara da wayo. Ya yi gola, amma ba kowane gola ba, golan da babu shi a duniya. Ya jingina da turke yana gyangyaɗi, ya kori ƙuda, ya yi miƙa. Ganga ya kwanta a ƙasa ya fara mirginowa. Daga ɓangaren masu kujera aka ɗan yi dariya, siririya, ta ladabi. Mutanen filin nan shekara talatin suna kallon Madubi, sun san lokacin da yake aiki da lokacin da yake zille musu.

"Ba shi ba ne!"

"Ka yi ɗanka!"

"Uban ɓarawo!"

Rabin bulo ya sauka taku uku daga inda yake, ya tona ciyawa. Ganga na kwance, fuskarsa na kallon lungun, ya yi magana ta gefen baki.

"Ƙarfe ɗaya na shingen ya fita daga ƙasa. Suna jijjiga na biyu. Ko ka yi shi yanzu ko mu je mu tsaya a bakin ƙofar su fara da mu."

Madubi ya waiga. Gaskiya ne. Shingen ya karkata, masu tsaro sun jeru sun dafe shi da baya, takalmansu na zamewa.

Ya tsaya cak a tsakiyar raga. Ya sauke numfashi. Kafaɗunsa suka rankwafa kaɗan, wuyansa ya zuro gaba irin na dogon da ya saba duƙa wa ƙofa, shi da ba dogo ba. Ya taka a kan gefen ƙafafunsa zuwa turken hagu, ya taɓa shi da yatsa biyu. Ya duƙa ya ja safar da ba ta sauka ba. Ya lashi leɓen ƙasa.

"Shi ne wallahi!" wani ya ƙwala daga can sama.

Dariyar ta kama daga nan ta bi gefen filin. Madubi ya san aikinsa, kuma abin takaicin shi ne bai taɓa yin sa da kyau kamar yau ba. Ya ɗaga kai yana hangen nesa, ya nuna wani ɗan wasan da babu shi da hannun mai ba da umarni, ya sake nuna wani, ya yi nazari. A ƙasa Ganga na mirginowa a hankali, yana hutawa, har ya tsaya daidai ƙafar Madubi ya ɗago kai ya ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe, zan ɗan wuce." Madubi ya ɗaga masa ƙafa ba tare da ya duba ba. Da ya farga ya juya, ya zame, ya zube, ya bi Ganga da rarrafe yana roƙon sa ya tsaya.

Ɓangare uku na filin sun kwanta da dariya. Har 'yan wasan baƙi masu jiran canji suna dukan benci. Amma daga inda yake a ƙasa Madubi na ganin lungun, kuma a can babu abin da ya canja. Mutum hamsin ko fiye sun ba filin baya, sun sa kafaɗa a shingen suna ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ba sa kallon sa. Ko zai yi tafiya da ka ba za su gani ba. Ƙarfe na biyu ya ɗago, wani mai tsaro ya faɗi a gwiwa.

Sai da kunne za a juyo da su. Madubi ya zaro makirufon daga aljihu.

Bai tsaya neman abin da zai yi ba, abin yana nan a shirye kamar an ajiye masa. Ya zauna dirshan, ya haɗe gwiwoyi, ya ja wuyan rigarsa ya cusa a baki ya cije. Kafaɗunsa suka fara tsalle. Wani sauti ya fito ta hanci, ba kuka sosai ba, ba shaƙuwa sosai ba, siriri, a yanke a yanke, na ƙaton da ke ƙoƙarin kada a ji shi. Hik. Shiru. Hik, hik. Lasifikokin filin suka ɗauke shi suka watsa ko'ina.

Ganga ya kai hannu ga tsumman da yake yafawa in zai zama uwar ɗan wasa, sai ya tuna, ya mayar da shi cikin bokiti.

A bakin shingen wani ya waiga. Sannan na kusa da shi. Wani ƙato mai ɗaukar kaya, wanda shi ke ba da ƙirgen, ya buɗe baki zai ce uku, sai sautin ya sake fitowa, dariya ta ƙwace masa har ya saki ƙarfen. Daga nan ba a sake haɗa kafaɗu ba. Wani ya cusa wuyan rigarsa a baki ya gwada, na bayansa ya fi shi iyawa, cikin minti ɗaya duk bayan ragar na yin hik, hik, suna dukan bayan juna. Masu tsaro suka mayar da shingen suka tokare shi da benci.

Madubi ya tashi ya kakkaɓe wando, ya rusuna wa mutane yadda ya saba. Yana komawa bencinsu ne idonsa ya kai ga lasifikar da ke rataye a kan tagar ɗakin canja kaya. Shekara da shekaru tana wurin, bai taɓa lura da ita ba sai yau.

Auta ya fito rabi na biyu, don koci ba shi da wani golan da zai iya sawa. Filin ya tarbe shi da hik, hik. Bai dubi kowa ba, bai taɓa turke ba, bai ja safa ba. Ya tare ƙwallo uku da ya kamata su shiga, ɗaya da fuska. Amma a ɗaya ragar 'yan gaban masu rawaya sun yi ta harba wa tsuntsaye, kamar yadda suka saba. Aka tashi ɗaya da nema. Ƙungiyar ta gangara.

Da 'yan wasa za su fita zuwa motarsu, mutane sun yi layi biyu a bakin ƙofa, daidai inda aka taɓa karya ɗan gaban nan. Madubi na tsaye a baya. Auta ya fito da jakarsa a kafaɗa. Ɗaruruwan mutane suka cusa wuyan riga a baki, manya da gemu, suna tsalle da kafaɗu. Ya ratsa ta tsakiyarsu a hankali har ya shiga motar. Ko tsakuwa ba a jefa ba.

Ganga ya zauna a kan bokitinsa yana kuka na gaske saboda faɗuwar ƙungiya, yana share ido da hannu mai fenti. "Ka cece shi, mutumina," ya ce. "Wallahi ka cece shi." Madubi ya dubi allon da ke nuna ɗaya da nema, ya jira baƙin cikin da ya sani tun yana yaro ya zo, bai zo ba. Ƙungiyar ba ta gabansa ko kaɗan.

Washegari bai buɗe tebur ba. Da hantsi ya hau matakalar gidan da Auta ke haya, ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani. Ƙofar a buɗe take. An yaye zanen gado, an sauke labule, jaka biyu na kan katifa. Auta na ninke riguna, gefen fuskarsa a kumbure inda ƙwallo ta same shi. Ya gaishe da babansa yadda ya kamata, ya share masa bakin gado ya zauna.

"Ƙarfen ya fita, Auta," in ji Madubi. "Biyu. Da sun shigo ɗakin."

"Na sani. An gaya min."

"Da ban yi ba..."

"Na ce na sani, Baba. Na gode."

Godiyar ta fi zagi ciwo. Madubi ya zo da maganganu da yawa da ya jera a hanya, duk suka tsere. Ya zauna yana kallon hannuwan ɗansa suna ninke riga, suna shafe ta, suna ɗora ta a kan 'yar'uwarta.

"Ina za ka?"

"Akwai masu nema na tun bara. Da nisa." Ya ja zif ɗin jaka ta farko. "Tafiyata da ka kwaikwaya ba ta dame ni ba, Baba. Duk garin sun ga yadda nake tafiya. Turken ma sun gani, safar ma sun gani. Wannan na kowa ne. Kukan fa? Daga ina ka samo shi?"

"Haka nan ya zo min."

"Ban taɓa kuka a fili ba. Ban taɓa yi a makaranta ba. Ko da kake dukana ina yaro, ihu nake yi, ba haka ba." Ya juyo ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, gara ma a ce akwai. "Sau ɗaya na taɓa yin sa."

Tun kafin ya ƙarasa Madubi ya gani. Tsakar gida cike da mutane, takalma jibge a bakin ƙofa, da wani lungu a bayan tankin ruwa inda yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya tsugunna, wuyan riga a baki don kada baƙi su ji.

"Ranar da aka fita da Inna," in ji Auta. "Ka zo ka tsaya a kaina ka daɗe. Na ɗauka ka zo ne don kai ma ka kasa zama cikin mutane."

"Don haka na zo." Madubi ya ɗago ya dube shi. "Wallahi don haka na zo. Ni ma kuka nake yi, Auta."

"Na yarda, Baba. Ka iya yin biyun tare, kana kuka, idonka na ɗauka."

Babu abin da Madubi zai musa, domin kuwa haka abin yake.

Auta ya rataya jaka ɗaya ya ɗauki ɗayar. Ya ajiye makullin ɗakin a gefen katifa ya ce a ba mai kantin ƙasa, ya ce a gaida Kawu Ganga. A bakin ƙofa ya ɗan rusuna ya ce sai Allah ya sake haɗa su.

Madubi ya juya fuskarsa bango, don kada ya ga yadda ɗansa ke tafiya in zai bar gida.